Daga Kan Sarkin Magina Zuwa Cikin Kwamfuta: A Ina Ilimin Gini Yake Zama?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari suka saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau tarihin gini za mu taɓa. Ba tarihin sarakunan da suka sa aka yi ginin ba, a'a, tarihin abin da aka sani game da ginin kansa. Tushensa ya kai ina a ƙasa? Da wace ƙasa aka kwaɓa shi? In an yi ruwa, ta ina ruwan yake sauka? In bango ya tsage, wa ya san dalili? Wannan sanin dole yana da wurin zama, ko a kan mutum, ko a takarda, ko a wani wuri. A yanzu injiniyoyin duniya suna da wata hanya da suke kira BIM, kuma ita ce ta jawo wannan hirar. Za mu zo kanta. Amma daga gabashin Sakkwato za mu faro, daga ƙasar Gobir.

Ba nisa da Sabon Birni akwai kufan Alkalawa. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya kafa hedikwatarsa a nan, a ƙasar da a da ta Zamfara ce. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a nan Yakuba da Nafata da Yunfa suka biyo baya. A watan Oktoba na 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Yunfa. Wannan kowane ɗan makaranta ya sani. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne: yaya aka yi birni mai ganuwa, mai fada, mai kasuwa, ya koma tuddai da gonaki?

Yaƙi ya fasa birnin, gaskiya ne. Amma ba yaƙi ne ya shafe shi ba. Damina ce. Ginin ƙasa ba abu ne da ake gamawa a juya baya ba. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai an hau soro an duba, an toshe tsaga, an gyara indararo, an sake yaɓe inda ya zaizaye. Ganuwa kuwa aikin gari ne gaba ɗaya. Ranar da mutanen da suka san wannan aikin suka watse, daga ranar ginin ya fara komawa ƙasar da aka ɗebo shi. Damina goma, damina hamsin, damina ɗari biyu. Maginan wancan zamani ba sa zana gini a takarda, don haka da mutanen suka tafi, siffar fadar ta tafi tare da su.

To amma ku lura da ɗaya gefen. Gobirawa ba su rasa iya gini ba don sun rasa Alkalawa. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A wajajen 1860 Ɗan Halima ya balle ya kafa Sabon Birni. A ɓangaren Daular Usmaniyya ma ana ta kafa ribaɗi a kan wannan iyaka, Isa na cikinsu, shi ya sa har yau sarautar Isa ma Sarkin Gobir ake ce mata. Garuruwa sukutum suna tashi cikin 'yan shekaru, ba ofis, ba fayil, ba takarda ko ɗaya. Saboda ilimin da ƙafa yake tafiya. Duk inda magini ya sauke kayansa, ofishin ya iso.

Bari mu ɗan zauna a kan abin da ke cikin kan maginin nan, don sai kun ga yawansa za ku gane abin da kwamfuta take ƙoƙarin kwaikwaya a yau.

Ya san ƙasa. Ya san wane kududdufi ne ƙasarsa ke da danƙo, wane ne yashi ya yi mata yawa. Ya san yawan ciyawar da za a zuba a kwaɓi, da kwana nawa za a bar shi ya ruɓa kafin a taɓa. Ya san tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, da yadda ake jera shi kai sama. Ya san bango dole ya yi kauri a ƙasa ya dinga sirancewa yana hawa. Ya san azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma tana da iyaka: ba a ɗora ta a faɗin da ya wuce wajen mita biyu sai ta lanƙwasa. Wannan iyakar ita ce ta haifi kusan duk kyan ginin Hausa. Kana son zaure mai faɗi, azararka gajera ce, yaya za ka yi? Sai ka dinga fito da azara daga bango hawa-hawa, kana ɗaure ta, kana lulluɓe ta da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Bakan gizo ke nan. In bakuna suka gitta juna aka ɗora tulluwa a kai, ga ɗaurin guga. Ya san makuba ta bawon ɗorawa, ya san laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don ruwa ya zame. Awonsa kuwa a jikinsa yake: taƙi, kamu, gaba. Ko ruhewar hatsi da kuke gani a ƙauyukan Isa da Sabon Birni, wadda aka ɗora a kan duwatsu don danshi da gara kada su kai ga gero, lissafi ne zalla.

Kuma abu mafi muhimmanci: wanda ya tsara ginin, shi ya gina shi, shi ko ɗansa ne zai dawo gyara baɗi. Sarkin Magina na gari yana nan, an san gidansa. Mai tsarawa, mai ginawa, mai kulawa, duk kai ɗaya ne.

Sai dai kai ɗaya yana mutuwa. Dubi Zariya. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a, ginin da masana da yawa suke ɗauka shi ne ƙololuwar ginin ƙasa a ƙasar Hausa. Akwai labarin baka da ake bayarwa cewa daga baya wani sarki ya sa ya gina masa irinsa, da ya gama sai aka kashe shi don kada ya sake gina wa wani. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, yana nuna abin da mutane suka yi imani da shi: ginin a cikin kan mutumin yake, in ka kawar da kan ka rufe ƙofa. A shekarun 1970 an rushe wasu sassan masallacin, aka lulluɓe abin da ya rage da sabon ginin siminti. Abin da ya sa har yau za ka iya ganin tsohuwar siffarsa a tsaye shi ne wani mai zanen gini ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, da ma'aikatansa 'yan Najeriya sun bi gine-ginen gargajiya suna aunawa suna zanawa tun ƙarshen shekarun 1950. Da irin wannan awon aka gina kwafin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Dmochowski ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990. Alkalawa ba ta samu mai tef ɗin awo ba, Zariya ta samu.

To, zamanin takarda ke nan ya shigo. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma cikin 'yan shekaru su da Faransawa suka ja layin da ya raba Gobir biyu, Tsibiri can, Sabon Birni nan. Tare da su aka samu sashen ayyuka na gwamnati da na En'e, aka samu kwano da siminti da rodi, aka samu birkila da kafinta. A 1967 kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ya fara aiki. Bulo ya fara korar tubali.

Takarda ta kawo alheri, kada mu yi mata butulci. Ba za ka gina gada ko madatsar ruwa da taƙi da kamu ba. Amma ta yi wani abu da ba a lura da shi da wuri ba: ta raba kan nan guda ɗaya gida uku. Mai zane yana Kaduna ko Legas. Ɗan kwangila ya zo daga wani gari, ya gama ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mai ginin, wato ƙaramar hukuma ko ma'aikata, an miƙa masa makulli ranar da aka yanka ƙyalle, shi ke nan.

Ku ɗauki misalin ƙaramin asibiti a wani ƙauye, kowane ƙauye. A zane, bututun ruwa ta gabas ya bi. Da aka zo haƙa sai aka ci karo da dutse, mai aikin famfo ya karkatar da shi ta yamma. Ba wanda ya koma ya gyara zanen. Bayan shekara takwas bango ya fara jiƙewa. Wanda ya binne bututun ya bar garin, shugaban asibitin an canza shi sau uku, zanen yana cikin wani kabad a hedikwata in gara ta bar shi, in ma an same shi ƙarya zai faɗa maka. Sai a kira wani ya fasa daɓe yana lalube. Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya ya san wannan fim ɗin. Magini na da ba ya lalube, don shi ya binne abin.

Wannan matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma daga ita BIM ta fito. A 1963 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna manhajar Sketchpad, inda mutum ke zane a fuskar kwamfuta da wani alƙalami mai haske. A 1975 Charles Eastman na jami'ar Carnegie Mellon ya wallafa maƙala yana cewa a daina ɗaukar zane a matsayin asalin bayanin gini. A gina ginin sau ɗaya a cikin kwamfuta, kowane sashe da bayaninsa, sannan duk zanen da ake so a ciro shi daga nan. Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfin ɗaukar wannan tunanin. Da AutoCAD ta fito a 1982 ta mamaye duniya, abin da ta yi shi ne mayar da fensir da rula cikin kwamfuta. An samu sauri, amma layi dai layi ne, bai san shi bango ba ne.

Abin mamaki, wanda ya fara kawo tunanin Eastman kan ƙaramar kwamfuta ba daga Amurka ya fito ba. Daga Hangari ne, lokacin tana ƙarƙashin kwaminisanci, ana ma hana shigar mata da fasahar Yamma. Gábor Bojár ya kafa kamfanin Graphisoft a Budafes a 1982, suka fitar da ArchiCAD a 1984. Revit ta zo a 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002 a kan dala miliyan 133. Ina ambaton Hangari ne da gangan, don masu cewa sai ƙasar da ta gama wadata ake ƙirƙira.

To mene ne BIM ɗin? Haruffan farko ne na wasu kalmomin Turanci uku, ma'anarsu dai ita ce haɗa samfurin gini mai ɗauke da bayanansa. Mutane da yawa suna ganin hoton gida mai juyawa a waya, an sa masa fenti da motoci a ƙofa, su ce ai ga BIM. Ba ita ba ce. Wannan talla ce. A BIM, in ka taɓa bango a kwamfuta, bangon zai gaya maka kaurinsa, da irin bulon da ke cikinsa, da adadinsu. In ka taɓa famfon sola zai gaya maka kamfanin da ya ƙera shi, ranar da aka ɗaura shi, da lokacin da ya kamata a duba shi. In ka matsar da ƙofa, duk zanen da ƙofar ta fito a ciki zai gyaru da kansa, lissafin bulo ma ya canza.

A wajen tsarawa, babban amfaninta shi ne kama karo tun kafin a je fili. Mai zanen gini, injiniyan ƙarfe da kankare, mai wayarin, mai famfo, kowa yana zuba nasa aikin a samfuri ɗaya, sai manhaja ta nuna cewa ga bututu nan ya ratsa ta tsakiyar ginshiƙi. A kwamfuta gyaran minti goma ne. A fili kuwa sai an kawo guduma, kuma mun sha ganin yadda ake sassaƙe ginshiƙi har rodi ya fito don bututu ya wuce. A wajen ginawa, ana haɗa samfurin da jadawalin aiki da farashi, a ga me za a kawo a wane mako, buhun siminti nawa, tan nawa na rodi.

Amma inda kuɗin gaske yake shi ne bayan an gama. Ana gina asibiti cikin shekara biyu, a yi amfani da shi shekara hamsin. A 2004 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da rahoto cewa rashin gudanar bayanai tsakanin masu tsarawa da masu ginawa da masu kulawa yana jawo asarar dala biliyan 15.8 a shekara a manyan gine-ginen ƙasar, kuma wajen kashi biyu cikin uku na asarar a kan masu ginin da masu kula da shi take faɗawa. Wato laluben bututun nan namu, su ma suna yi, nasu dai da dala ake lissafa shi. Shi ya sa gwamnatin Birtaniya, wadda ita ce babbar mai gine-gine a ƙasarta, ta sanar a 2011 cewa daga 2016 duk mai son kwangilar gwamnatin tsakiya sai ya yi aiki da BIM. A 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 19650 a kan yadda za a tsara waɗannan bayanai. Ku lura, ba masu zane ne suka tilasta ba. Mai biyan kuɗin gyara ne.

Akwai misali ɗaya da nake so ku riƙe saboda Alkalawa. Ranar 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame a birnin Faris, ginin da ya haura shekara 800. Shekaru kaɗan kafin nan wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya bi ginin lungu-lungu da na'urar awo mai hasken leza, ya tara ɗigon awo sama da biliyan ɗaya. Ya rasu a watan Nuwamba 2018, bai ga gobarar ba. Awonsa da na wasu, da samfurin BIM da aka haɗa bayan gobarar, sun taimaka wa masu gyara, aka sake buɗe ginin a Disamba 2024. Amma katakon rufin, kafintoci ne suka sassaƙe shi da gatari, irin yadda aka yi tun farko. Kwamfuta ta riƙe awo, hannu ya riƙe sana'a. Da ɗaya ya ɓace, ɗayan bai isa ba.

Mu dawo gida. Ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi da ke ratsa ƙasar Isa da Sabon Birni shi ne yake taruwa a Rima ya gangara madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. A watan Satumba 2010 ruwa ya fi ƙarfin mafitar madatsar, ambaliya ta share ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin garin Sakkwato. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse. Irin waɗannan kadarori su ne BIM ta fi yi wa amfani: a san kowace ƙofar ruwa yaushe aka duba ta, wace tsaga aka gani bara, ta ƙaru ko ba ta ƙaru ba, kuma bayanin ya zauna ko da injiniyan da ya gani ya yi ritaya. Haka gadoji da kwalbatocin da damina ke cinyewa a hanyoyinmu. A 2011 kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Duk wanda aka ba ɗaya daga cikinsu ya ƙarasa, tambayarsa ta farko ita ce: me aka riga aka binne a nan?

Yanzu ga ra'ayina, kuma na san wasu injiniyoyi matasa da ke bin shirin nan ba za su so shi ba. BIM ba ta hana ɗan kwangila rage rodi. Abin da take yi shi ne ta sa ragin ya zama abin da za a iya kamawa, in akwai mai son kamawa. Kuma samfurin da ba a sabunta shi ba, shi da zanen cikin kabad duk ɗaya ne, har ya fi shi haɗari, don yana da kyan gani, mutum zai yarda da shi. In mai famfo ya karkatar da bututu ta yamma ba wanda ya shigar, to an samu ƙarya mai launi. Samfurin ma yaɓe yake so duk shekara, kamar soro.

Sannan akwai abubuwan da masu tallar BIM a otal-otal na Abuja ba sa faɗa. Lasisin manyan manhajojin da dala ake biya, kuma duk shekara. Suna son kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya. Wasunsu a rumbun intanet suke ajiye aiki. To a Satumba 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Mutum ko kiran ɗan'uwansa ba ya iya yi. Bayanin asibitin da yake zaune a wata na'ura a Turai, a irin wannan ranar, me zai yi wa mai gyaran janareta? Duk tsarin da za a kawo nan dole ya zama akwai kwafi a ƙasa, a hannun wanda yake wurin, har da bugagge a takarda.

Akwai kuma batun wa ya mallaki fayil ɗin. In ɗan kwangila ya yi samfurin da manhajar da sai da lasisinta ake buɗewa, ya tafi da shi, to an koma gidan jiya, Babban Gwani ya tafi da ginin a kansa. Maganin wannan yana nan: akwai buɗaɗɗen tsarin fayil da ake kira IFC, wanda ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi, manhajoji daban-daban suna karanta shi. Akwai ma na kyauta irin su FreeCAD, da Bonsai da ake ɗorawa a kan Blender. Layi ɗaya a takardar kwangila, cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an miƙa samfurin ginin yadda aka gama shi a tsarin IFC, ya fi taron bita goma.

Wani abin da ke ba ni dariya kuma yana ba ni haushi: buɗe ɗaya daga cikin manhajojin nan, za ka samu tagogi da ƙofofin kamfanonin Turai iri-iri a shirye, amma ba za ka samu tubali ko azara ko bakan gizo ba. Manhajar ta fi son bango miƙaƙƙe mai kauri ɗaya daga ƙasa har sama, namu kuwa mai ciki ne. Ana iya ƙirƙirar su a zuba, ba abin da ya hana, sai dai wani ne zai zauna ya yi, kuma sai ya je wurin tsofaffin magina ya tambaya. Abin da ba ya cikin manhaja, ɗalibi ba zai zana shi ba, abin da ba a zana ba kuwa ba za a ba da kwangilarsa ba. Ta haka sana'a take mutuwa ba tare da kowa ya hana ta ba.

Kuma sana'ar ba ta mutu ba tukuna. Tsallaka iyaka zuwa jihar Tawa a Nijar. A Yama, Alhaji Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, ya ci gaba da faɗaɗa shi, har ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa, aka gama a 2018, kuma sun nemo maginan da suka yi tsohon ginin aka yi gyaran da su. Masu digiri da kwamfuta, amma da aka zo kan tsohon bango sai da suka nemi wanda ya san abin da ke cikinsa.

A Isa da Sabon Birni yau akwai ƙauyukan da mutane suka bari, wasu suna gudun hijira a cikin gari, wasu sun tsallaka yankin Maraɗi. Makarantu da ɗakunan shan magani da rijiyoyin burtsatse suna can ba mai kula, damina tana aikinta irin wanda ta yi wa Alkalawa. In Allah ya kawo zaman lafiya, kuma muna roƙon ya kawo, za a zo da kwangilolin gyara. Ranar za a tambaya: aji nawa ne a makarantar, rufin wane iri ne, rijiyar mita nawa aka haƙa, wane famfo ne a ciki? Ba sai an jira Revit ba kafin a fara tara wannan. A wuraren da ake iya zuwa lafiya, ɗalibin fasaha da waya da tef ɗin awo zai iya ɗaukar hoton gini ta kowane gefe, ya auna, ya rubuta lambar famfo da ta batirin sola, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi ɗaya a wurin shugaban makarantar, ɗaya a ƙaramar hukuma. Akwai manhajojin waya da ke haɗa hotuna da yawa su fitar da siffar gini. In kuma akwai tsohon magini a unguwarku, ku kunna rikoda ku tambaye shi daga wane rami ake ɗebo ƙasar da ba ta tsagewa, kuma kwana nawa yake barin kwaɓi.

Masu karatun gine-gine da ke cikinmu, musamman na Zariya da Sakkwato da Birnin Kebbi, in akwai wanda ya taɓa gwada zana ɗaurin guga a ɗaya daga cikin manhajojin nan, ya turo mana mu gani, za mu sa shi a shafi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.